Muhawara: Kwamfuta za ta iya zaɓa wa mai taɓin hankali maganin da zai karɓe shi?

Ɗan Kashere:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani aiki da na jima ina bibiya, ina so likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su sa baki. A wasu jami'o'in Turai da Amurka, masu bincike suna gina kwatankwacin ƙwaƙwalwar mara lafiya a cikin kwamfuta, da lissafi zalla. Wasu kuma hanta da ƙoda da jini suke ginawa. Sai a riƙa gwada magani a kan wannan kwatankwacin, a ga wanda zai yi aiki da wanda zai yi illa, tun kafin a ba mutumin ko ƙwaya ɗaya. Burinsu mai ciwon damuwa ko mai taɓin hankali ya huta da canje-canjen magani, a ba kowa nasa tun farko. Wannan abu zai taɓa amfanar mu a Gombe, ko kuwa sai dai mu ji labari?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. In dai da gaske ne, wallahi ina maraba da shi. Ƙanena ciwon ya kama shi yana ajin ƙarshe a makaranta. Ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta na bibiyar sa. Da muka kai shi asibiti aka yi masa allura, aka ɗora shi a kan ƙwaya. Surutun ya ragu, amma jikinsa ya sandare, wuyansa ya karkace gefe guda, yawu na dalala, ko cokali ba ya iya kai wa baki sai an taimaka masa. Mahaifiyarmu tana kuka tana cewa maganin ya fi ciwon muni. Aka canja, wannan kuma barci dare da rana. Aka sake canjawa. Kowane canji sai a ce mu yi haƙuri mu jira makonni. A tsakanin nan dangi suka taso mu a gaba, wai iska ce, mu daina ɓata kuɗi a asibiti.

Abin da ke ƙona min rai har yau: maganin da ya karɓe shi daga baya yana nan a kan kantar asibitin tun ranar da muka fara zuwa. Babu wanda ya san shi ne nasa.

Likita:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya, ya saka muku da alheri da ba ku yar da shi ba. Abin da kika gani muna ganin sa kullum. Sandarewar nan illa ce sananniya ta tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda mutane suka fi sani da Largactil. Suna toshe hanyar wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dopamine. Toshewar ce ke kwantar da surutu da jin muryoyi, ita ce kuma ke taɓa motsin jiki. Wani zai sha bai ji komai ba, wani kwana kaɗan wuyansa ya juye.

Kuma ba laifin asibitocinmu ba ne kaɗai. Mai zazzaɓin cizon sauro ana ɗiga jininsa a gani. Mai ciwon suga ana auna shi. Mu a fanninmu babu gwajin jini ko hoton da zai ce wannan ciwon damuwa ne, balle ya ce ga maganinsa. Da tambaya da sauraro da kallo muke aiki. A Amurka an yi wani babban bincike mai suna STAR*D, sakamakonsa ya fito a 2006, da masu ciwon damuwa kusan 4,000. Duk an fara su da magani ɗaya, citalopram. Kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka warke da shi, sauran sai da aka canja ko aka ƙara wani. Ga shi kuma maganin damuwa yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a san ko ya karɓi mutum. Wannan jiran shi ne ke kashe wa iyali gwiwa, shi ne kuma masu kwamfuta suke so su rage.

Ɗan Kashere:
Na gode Dakta. Bari in warware yadda abin yake, domin ba iri ɗaya ba ne.

Akwai masu gina ƙwaƙwalwar kanta. Ana ɗaukar hoton MRI na mara lafiya, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da wata babbar na'urar asibiti ke ɗauka, a raba ƙwaƙwalwar zuwa yankuna, a gano jijiyoyin da suka haɗa wannan yanki da wancan da kaurin kowace hanya. Kowane yanki sai a ba shi lissafin da ke nuna yadda yake tashi da yadda yake lafawa. Daga nan a yi ta daidaita lissafin har motsin da kwamfuta ke fitarwa ya yi kama da wanda aka auna a kan mutumin da kansa. In ya yi kama, sai a fara gwaji: in aka kwantar da wannan yanki me zai faru, in aka zaburar da wancan fa? A birnin Marsei na Faransa ƙungiyar Farfesa Viktor Jirsa ta yi nisa da wannan, da manhajar da suka kira The Virtual Brain. Sun fi ƙarfi a kan farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, inda suke taimaka wa likitan tiyata ya gano daga inda farfaɗiyar ke tasowa. Tun 2019 suka fara gwada hanyar a asibitocin Faransa, a wani gwaji mai suna EPINOV da aka tsara wa marasa lafiya sama da 300.

Akwai masu lissafa inda wutar maganaɗisu za ta sauka a cikin kai. Akwai wata na'ura da ake ɗorawa a kan fatar kai tana aika bugun maganaɗisu don maganin damuwa mai taurin kai. Tunda ƙoƙon kan kowa da lanƙwasar ƙwaƙwalwarsa daban ne, ana fara kwaikwayon abin a kwamfuta a ga inda ya kamata a ɗora ta. A jami'ar Stanford sun haɗa wata hanya da ke zaɓar wurin daga hoton ƙwaƙwalwar mutum, a yi masa kwana 5 a jere, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022.

Sai masu kwaikwayon tafiyar magani a jiki: daga ciki zuwa jini, zuwa hanta, zuwa ƙoda, ya fita. Wannan ya fi sauran tsufa, kamfanonin magani sun daɗe suna amfani da shi.

Injiniya Tumfure:
Ƙanena, na karanta duka. Farfaɗiya kana da abin aunawa, wutar ƙwaƙwalwa tana nunawa a takarda. Damuwa fa? Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida da kuɗin haya, wane yanki na ƙwaƙwalwarta za ka kwantar? Sannan ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, ku kuna raba ta yanki ɗari ko ɗari biyu kuna cewa kun gina ta. Ni aikina gini ne, na san kwaikwayon kwamfuta yana aiki a kan gada domin mun san ƙarfin ƙarfe da siminti daidai. A nan me aka sani daidai?

Ban ma zo maganar kuɗi ba. MRI nawa ne a duk Arewa maso Gabas, kuma nawa ake biyan hoto ɗaya? Mutumin da ke sayen maganin mako ɗaya ya raba shi ya kai mako biyu, shi za a ce ya je hoton ƙwaƙwalwa?

Likita:
Injiniya yana da gaskiya mai yawa, kuma masu binciken da kansu sun ci karo da ita. A 2016 wasu masana a jami'ar Yale, ƙarƙashin Adam Chekroud, suka ɗauki bayanan STAR*D ɗin nan suka koya wa kwamfuta ta yi hasashen wanda citalopram zai karɓa. Ta dace a kusan kashi 65 cikin 100. Ya fi canki-canka, amma ba wani abin a zo a gani ba ne. A farkon 2024 shi wannan mutumin da abokan aikinsa suka fitar da wani sakamako a mujallar Science. Sun ɗauki gwaje-gwaje 5 na magungunan schizophrenia, wato irin ciwon da Hajiya ta kwatanta. In aka koya wa kwamfuta da mutanen gwaji ɗaya, tana hasashe da kyau a cikinsu. Da zarar an kai ta kan mutanen wani gwajin da ba ta taɓa gani ba, sai ta koma daidai da canki-canka. To in haka ta faru tsakanin gwaje-gwajen da aka tsara da kyau, ku auna abin da zai faru in aka ɗauko manhajar da aka horar a Boston aka ɗora ta a kan mutumin Nafada.

Ita ma hanyar Stanford, gwajin da ya yi mata suna mutum 29 ne kacal a cikinsa. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, amma mutum 29 ne.

Sai dai ban yarda a yi watsi da abin gaba ɗaya ba. Kashi na uku da Ɗan Kashere ya ambata, na hanta da ƙoda, ba ya buƙatar MRI.

Mai Harhaɗa Magani:
Yauwa Dakta, nan nake jira a zo. Akwai wani sinadari a hanta mai suna CYP2D6, shi ke narkar da magunguna da yawa da muke bayarwa kullum: amitriptyline, haloperidol, risperidone da sauransu. Ƙarfinsa gado ne. Wani hantarsa na narkar da maganin a hankali, sai ya taru a jini, ƙwaya ɗaya ta yi masa aikin biyu ko uku. Wani kuma hantarsa na cinye maganin nan take, ya sha kamar bai sha ba, a zauna ana zargin sa da ƙin shan magani.

A 1996 wani masani ɗan Zimbabuwe, Collen Masimirembwa, ya bayyana wani nau'in wannan gado da ake kira *17, mai rage ƙarfin narkarwa, wanda ya yawaita a baƙar fatar Afirka amma da wuya a same shi a Turawa. A shekarar nan kuma aka gano cewa a Habasha kusan kashi 29 cikin 100 suna ɗauke da ninkin wannan gado, irin mai sa hanta saurin cinye magani. Ku duba, duk Afirka ce, amma wasu nan wasu can. To mu fa? Bafulatanin Dukku da Batangalen Kaltungo da Batere da Bahaushen Jekadafari, wa ya ce hantarsu ɗaya ce? Adadin da ke rubuce a takardar cikin kwalin magani, yawanci a jikin wasu mutane aka auna shi. Manyan binciken gado na duniya kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da ke ciki jinin Turawa ne.

Manhajar da za ta ɗauki shekarun mutum, nauyinsa, lafiyar ƙodarsa, sauran magungunan da yake sha, ko yana shan taba, ta ce fara masa da kaza, wannan ko a waya za ta zauna. Amma sai an ciyar da ita da bayanan mutanenmu. In ba haka ba Bature za ta riƙa aunawa tana ba mu amsa.

Maman Ummi:
Ke nan mai yiwuwa ƙanena maganin ne ya yi masa yawa, ba wai bai dace da shi ba?

Mai Harhaɗa Magani:
Mai yiwuwa ne, Hajiya, amma ba zan yanke ba tunda ba a auna ba. Samari maza dama sun fi saurin samun wannan karkacewar wuya. Akwai maganin da ake haɗawa don ita, benzhexol, wanda abin takaici yaranmu suka mayar kayan maye suna kiran sa Exol.

Baba Mai Kati:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanta min, ita ke rubuta abin da na faɗa. Na yi aiki a ɗakin kati na asibiti har na yi ritaya, don haka da kuka ce a ciyar da kwamfuta da bayanan mutanenmu, sai na ce bari in gaya muku inda bayanan suke.

Suna cikin fayil na kwali, an ɗaure da zare, an jibge a kan kanta har rufi. Damina ta zo rufin ya yi yoyo, na ƙasa su manne da juna. Gara ta ci wasu. Mara lafiya ya zo ya ce katinsa ya ɓata, layi ya yi tsawo, sai a buɗe masa sabo da sabuwar lamba. Mutum ɗaya fayil uku, kowanne da rabin labarinsa. A wani an rubuta Muhammadu, a wani Mamman, shekarun haihuwa kuwa duk wanda ya zo sai a kalle shi a ƙiyasta. In ka buɗe ciki, sau da yawa abin da likita ya rubuta bai wuce a ci gaba da magani ba. Ba a rubuta ko ya samu sauƙi ba, ba a rubuta ko hannunsa na rawa ba. Ba don likitan ba ya so ba, mutum sittin ke jiran sa a waje.

Wanda kuma ya daina zuwa, babu mai sanin dalili. Ya warke ne? Ya koma wurin mai magani? Ya rasu? Fayil ɗin yana nan shiru. Wace kwamfuta ce za ta koyi wani abu daga wannan?

Ɗan Kashere:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan magana taku ta fi duk abin da na karanta nauyi. Babu wata manhaja da za ta koyi abin da ba a rubuta ba. Kuma waɗanda suka daina zuwa su ne aka fi buƙatar labarinsu, domin a cikinsu ne waɗanda maganin ya cutar suke.

Malam na Bolari:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko. Ta fuskar addini ban ga abin ƙi ba a neman sanin maganin da ya dace da mutum. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Lissafin da aka gina a kan abin da aka auna ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce, matuƙar mai yin sa ya san zai iya kuskure.

Damuwata a wani wuri take. Mutanen nan kafin su je wurinku, wurinmu suke fara zuwa. Uwa za ta kawo ɗanta ta zauna ta yi awa guda tana ba ni labari, ina sauraro. Da yawa ina yi musu addu'a in ce su wuce asibiti, domin na ga abin ba na ruƙiyya kaɗai ba ne. Sai su dawo su ce likita bai ko ɗaga kai ya kalle su ba. To in aka ƙara masa allon kwamfuta a gabansa, Dakta, anya ba za a ƙara nisanta shi da fuskar mara lafiya ba?

Likita:
Allah ya gafarta Malam, tsoron nan naku ni ma ina da shi. Mu likitocin wannan fanni a Najeriya ba mu kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, wasu kuma kullum suna kan hanyar fita waje. In na'ura za ta ɗauke min lissafin adadi da karon magunguna ta bar min lokacin sauraro, alhamdu lillahi. In kuwa za a kawo ta ne don a ce yanzu ina iya ganin mutum ɗari a rana, to ta zama musiba.

Abin da kuke yi na turo su asibiti, shi ne abin da aka tabbatar yana aiki a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen gari tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a mujallar Lancet, da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana. An haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna duba mara lafiya tare, kuma waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Babu MRI a ciki.

Anti Nas:
Ni a ƙaramin asibiti nake a ƙauye, ta wajen Dukku. Ina so in ƙara a kan maganar Baba. Ko an ba mu kwamfutar, da wane baki za a tambayi mara lafiya? Takardun tambayoyin da ake kawo mana suna cewa a tambayi mutum ko yana jin baƙin ciki ko ya yanke ƙauna. Matan da nake gani ba sa faɗin haka. Mai jego za ta ce min kanta na zafi a tsakiya, wani abu na yawo a jikinta, zuciyarta na faɗuwa, abinci ba ya mata daɗi. Da Fulatanci za ta faɗa, uwar mijinta na tsaye a kanta, wani lokaci ma uwar mijin ce ke amsawa. Sai na sallami kowa na riƙe hannunta kafin ta ce min tun da ta haihu ba ta son ɗaukar jaririn, kuma tana jin kunyar faɗa. Sau nawa aka rubuta wa irin wannan maganin zazzaɓi da na ƙarin jini aka sallame ta? In wannan aka shigar a kwamfuta, za ta koyi cewa matan ƙauye ba sa ciwon damuwa.

Injiniya Tumfure:
To kun gani. Ni dai ra'ayina bai canja ba. Duk kuɗin da za a kashe a wannan, a sayi magani da shi a raba kyauta, a ɗauki ma'aikata. A 2019 an fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da sarƙa a ƙafafun wasu. Ƙasar da ake ɗaure mutane da mari ba kwaikwayon ƙwaƙwalwa ne ya dame ta ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Injiniya, ai da yawa daga masu komawa gidan mari sun fara zuwa asibiti. Illar magani ce ta kore su, kamar yadda ta kusa korar su Hajiya. Maganin kyauta in an ba da shi fiye da ƙima, zai ƙare ne a ƙarƙashin katifa. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba.

Admin:
Wata 'yar'uwa ta turo min wannan ta ce in saka ba tare da sunanta ba:

"Ina da ciwon da ke sa mutum ya hau sama ya kasa barci, daga baya ya faɗo ƙasa ya kasa tashi daga gado. An ɗora ni a kan lithium, kuma alhamdu lillahi na koma aikina, ina kula da yarana. Amma azumin bara da zafin nan na Gombe hannuna ya riƙa rawa, ina tangaɗi, ga gudawa. Na sayi maganin ciwon jiki a kemis, abin ya ƙaru. Ina so in yi azumi kamar kowa. Wannan kwamfutar za ta iya gaya min nawa zan sha a watan azumi? Kuma don Allah, in an shigar da sunana a ciki wa zai gani? Ina da 'ya'ya mata da za su yi aure."

Likita:
'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya, kuma na gode da kika yi magana. Abin da kika kwatanta alamun lithium ne ya taru a jini, kuma abu ne mai hatsari. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce: ana so ya zauna wajen 0.6 zuwa 1.0 a gwajin jini, in ya haura 1.5 an shiga matsala. Ƙoda ce ke fitar da shi. In jiki ya bushe da ƙishirwa da gumi, ƙoda sai ta riƙe shi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙara riƙe shi, shi ya sa abin ya ƙaru da kika sha. In hakan ta sake faruwa, ki sha ruwa ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira.

Tambayarki ta farko, irin wannan lissafin shi ne kwamfuta ta fi iyawa, domin an san yadda lithium ke tafiya a jiki sosai. Amma ko ita sai an ba ta sakamakon gwajin jininki da na ƙodarki, kuma ba za ta maye gurbin gwajin ba. Ki je wurin likitanki tun cikin Sha'aban a auna, ku tsara tare. Kada ki rage da kanki, kada ki daina kwatsam, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Kada kuma ki karɓi shawarar wani ki koma sodium valproate, wani maganin da ake bayarwa a irin wannan ciwo, ba tare da likita ba in kina iya ɗaukar ciki, domin kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsa a kan wannan magani yana zuwa da nakasa.

Malam na Bolari:
'Yata, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama a wasu kwanaki. In likita amintacce ya ce azumi a wannan zafi zai cutar da ke, ki sha, ki rama lokacin sanyi in ya ce za ki iya. Ciwonki ciwo ne kamar kowane, rangwamen ya haɗa da ke.

Barista:
A kan tambayarta ta biyu. A Janairun 2023 aka sanya hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin sirrin mara lafiya. A Yunin 2023 kuma aka sanya hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A takarda ke nan. A aikace, a gari irin namu inda ma'aikacin asibiti maƙwabcin wani ne kuma surukin wani, tsoronta na kan hanya. Fayil na kwali mutum ɗaya zai leƙa, na kwamfuta ana iya tura dubu a minti ɗaya. Duk wanda zai tara irin waɗannan bayanai, dole a cire suna da unguwa da lambar waya, a nemi izinin mutum da harshen da yake ji, a kuma gaya masa ƙarara in za a fitar da su ƙasar waje.

Ɗan Kashere:
To ga abin da nake ganin za mu iya, mu da muka karanta kwamfuta a nan. Mu bar maganar gina ƙwaƙwalwa tukuna. Mu zauna da Dakta da Anti da Baba mu tsara 'yar takardar bibiya, wadda za a iya cikewa a waya ko babu intanet, ko a takarda in babu caji. Lamba maimakon suna. Dakta, me da me ya kamata ta ƙunsa?

Likita:
Shekaru da nauyi, sunan magani da adadinsa da ranar da aka fara, sauran abin da mutum ke sha har da na gargajiya da taba. Sai duk zuwa a rubuta barci, cin abinci, ko ya koma aiki ko gona, da illar da aka gani a jiki. In an canja magani a faɗi dalili. In mutum ya daina zuwa a kira danginsa a rubuta abin da suka ce. Amma kafin a taɓa bayanan mutum ko ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince, wannan ba abin da za mu yi a tsakaninmu ba ne.

Baba Mai Kati:
Ku sa lambar a jikin wani abu da mutum ba ya yarwa. Katin asibiti yana ɓata, amma ban taɓa ganin uwa ta yar da katin rigakafin ɗanta ba. Ku tambayi mata inda suke ajiye shi.

Injiniya Tumfure:
Wannan kam zan sa hannu, tunda ba MRI a ciki. Amma a gaya min wanda zai biya kuɗin katin kiran dangin.

Anti Nas:
In kun gama ku turo min in gwada. Kada ta wuce shafi ɗaya, kuma a yi tambayoyin da Hausa da Fulatanci, a bar fili inda zan rubuta abin da mara lafiya ta faɗa da bakinta. Ranar kasuwa ni kaɗai ce a ɗakin, da masu awo da masu rigakafi duk a kaina.